Ni nake sauke wutar gidanmu, amma tsohuwa ake ɗora wa laifi

Assalamu alaikum Admin, a taimaka a ɗora min wannan ba tare da suna ba. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, kuma wanda zai zage ni ya zaga, na san na ci zagi.

Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin fata a Challawa, ina haya da matata a wani gida wajen Kumbotso. Mita ɗaya ce duk gidan, kuma ni aka damƙa wa sayen yunit, saboda an san ba na wasa da wuta. Gaskiya ni mutum ne mai sa ido, ko ƙwan lantarki na ga an bari a kunne da rana sai na yi magana, har matan gidan suna ce min Sarkin Mita, ni kuma ko a jikina. Ni na kawo dokar hana hita da risho na lantarki, kowa ya amince, yunit ɗinmu ya riƙa kai mu ƙarshen wata lafiya lau.

To cikin sanyin nan sai matar maƙwabcina Sale ta haihu. Sale direban motar ɗaukar kaya ne a Sharada, da asuba yake fita, yaron kirki ne, Yaya yake ce min. Mahaifiyar matar tasa, muna ce mata Inna, ta zo daga ƙauyensu a Jigawa don wankan jego. Kun dai san wankan jego, ruwa ne mai tafasa safe da yamma, ga mai gidan hayar ya hana hura icce a tsakar gida tun da ya yi fenti. Sai Sale ya sayo hita irin ta bokiti. Cikin 'yan kwanaki mita ta fara kuka, mutanen gida suka fara ƙorafi a kaina, wai ni da na kafa doka na koma ɗan kallo. Na yi niyyar yi wa Sale magana, kunya ta hana ni, yaya za ka tari mutumin da ko suna bai daɗe da yi ba ka ce masa ruwan wankan matarsa ya yi yawa?

Shi ne shaiɗan ya ba ni dabara. In zan fita aikin safe sai in sauke babban makunnin da ke zaure, in na dawo in mayar. Da safe duk an watse wurin nema, matata ma tana shagon ɗinki, daga Inna sai mai jego da jariri a gidan, su kuma sun ɗauka ɗauke wuta aka yi kamar yadda aka saba. A raina na ce ai za su fita waje su dafa da gawayi, ban taɓa tambayar kaina yadda suke yi ba, ni dai ina duba mita ina jin daɗi.

Ashe Inna kurfoti take hurawa a cikin ɗaki, ta rufe ƙofa da taga, saboda a wurinsu ba a barin iska ta taɓa mai jego, kuma tana tsoron kada a ga wuta a tsakar gida a kai ƙarar surukinta. Ranar Talata matata ta dawo ɗaukar wani yadi da ta manta, ta yi sallama a ɗakin mai jego shiru, ta tura ƙofa ta same su a kwance, mai jego ba ta motsi, jaririn ko kuka ba ya iya yi. Ta kira ni, na baro aiki a guje, muka sa su a keke napep sai asibiti. Allah Ya yi da sauran kwana, duk sun farfaɗo, likita ya ce hayaƙin gawayi ne, da an ƙara jimawa da sai dai wani labarin. Kuma don ku san irin mutumin da ke muku rubutu, da na dawo ɗaukar musu kaya, abin da na fara yi shi ne mayar da makunnin nan kafin wani ya gani.

Yanzu Sale ya ɗora komai a kan Inna. Ya yi faɗa sosai, ya ce ƙauyanci ne ya kusa kashe masa iyali, ya ce ta haɗa kayanta ta koma ranar Asabar, kuma ba za ta sake ɗaukar masa ɗa ba. Matarsa ta ce in uwarta ta tafi a haka ita ma ƙafarta ƙafar uwarta. Ni kuwa sai godiya yake min, a masallaci ma sai da ya faɗa wa mutane cewa samun maƙwabci irina sai an tona. Duk lokacin da ya faɗa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru, jiya da yamma Inna ta same ni a zaure, tsohuwa sa'ar mahaifiyata, ta rusuna ta ce, "Ɗan nan ka yafe min, an ce kai ne mai kula da dokar gida, ni na karya ta. Wuta ce ba a kawowa da safe, ni kuma ba zan iya barin 'yata ba wanka ba." Wallahi da ƙyar na ce ba komai Inna.

Ko matata ba ta sani ba. In na faɗa, na san zamana a gidan nan ya ƙare, kuma ban san abin da Sale zai yi min ba, mutum ne mai zuciya. In na yi shiru, tsohuwar nan za ta koma ƙauye da sunan wadda ta kusa kashe jikanta, auren 'yarta ma yana rawa. Na yi tunanin in ba Sale haƙuri kawai a madadinta, tunda yana jin maganata, amma ai maganar tawa yake ji saboda bai san ni ba ne.

Don Allah ku faɗa min, in same shi ni kaɗai, ko in nemi limamin unguwa ya zauna a tsakani? Kuma wa ya kamata in fara durƙusa wa, Sale ko Inna? Asabar jibi ce, kuma ta riga ta ɗaure kayanta.