Babu Motar da Mama Za Ta Shiga

Gwaggo Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jikinki, ya Kaka da mutanen Maraɗi?

Gwaggo, Agege ba daɗi. Tun rikicin ƙabilancin da aka yi a kasuwa aka jera motocin shanu a bakin abbatuwa, ko da za a gudu Arewa. Kanawa da tasu, Sakkwatawan bayan layin dogo da tasu, mu 'yan Nijar na lungun masallaci da tamu. Ko littafin soyayyar da na aro na kasa buɗewa.

Jiya na ji direbanmu yana gaya wa Baba ba zai ɗauki Mama ba, tunda Bayarabiya ce. Mama tana ta ɗaure mana kaya, nata suna rataye.

Ki sa mu a addu'a. A gaida Kaka.

'Yarki,
Balki