An Ce In Tuba Don Ina Addu'a Lokacin Kiran Salla

Admin sannu da ƙoƙari, don girman Allah ki ɗora mani wannan kuma ki ɓoye sunana, don mu Kiristocin cikin garin Katsina kusan duk mun san juna, sunan da zan ambata ma na canja shi. 'Yan uwa mata ina gaishe ku, Musulminku da Kiristanku, ya gida, ya yara, ya ɗawainiya. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Lahadi, don yadda zuciyata ke tafasa in aka bar ni da kaina zan yi abin da za a daɗe ana magana.

Ni Kirista ce, Bahaushiya, ina da miji da 'ya'ya uku, muna haya wajajen Ƙofar Sauri. Sana'ata ɗinki. Da ina da shago kusa da Babbar Kasuwa, amma tunda baban mijina ya samu shanyewar ɓarin jiki aka ɗauko shi daga ƙauye aka kawo mani, na rufe shagon na dawo da keken ɗinkina gida. Baba tsohon mai bishara ne, ƙarfinsa duk a yawon wa'azi ƙauye-ƙauye ya ƙare, yanzu ko juyawa ba ya iyawa sai an juya shi, maganarsa ma sai wanda ya saba da shi ke tsintar wani abu a ciki. Maigidana direba ne, wani lokacin a hanya yake kwana. To ni ce mai ba Baba abinci a baki, ni ce mai wankin shimfiɗarsa, in ya ɓata jikinsa ba namiji a gida kunyar suruki ma ajiye ta nake gefe in gyara shi. Ga shirya yara makaranta, ga girki, ga neman ruwa, ga kwastomomi da kowace ke ganin ɗinkinta kaɗai ne a duniya.

Cikin wannan hidimar addu'ata ta mutu murus. In na durƙusa da safe barci ya kwashe ni, in na rufe ido da rana sai in ji ƙaurin tuwo, in na ce bari in karanta Maganar Allah sai Baba ya yi nishi daga ɗaki. Na sa ƙararrawa a waya, yau ba caji, gobe yara sun ɗauke ta suna wasa, jibi ta yi ƙara in kashe ta in ce bari in ƙarasa hannun rigar nan, shi ke nan an wuce wurin. Na koma mafaɗaciya, abu kaɗan in ɗaga hannu a kan yara, ni kaina na fara tsoron kaina.

Akwai masallaci a bayan gidanmu, lasifikarsa kamar don tagata aka kafa ta. Tun ina ƙarama nake jin kiran salla, ban taɓa ɗaukarsa abin da ya shafe ni ba. Ran nan wata Hajiya kwastomata ta zo gwajin kaya, muna tsaka da ka-ce-na-ce a kan wuyan riga aka kira azahar, sai matar nan ta katse maganar a tsakiya, ta ce in ba ta buta da inda za ta tsaya. Ina kallonta ta idar ta shafa, fuskarta ta huce, ta ce wuyan ma a bar shi haka nan. Wallahi kishi na ji. Na ce wato ita tana da abin da ke tsayar da ita komai aikinta, ni kau tun safe nake gudu ba mai ce mani tsaya. Daga ranar na ɗaukar wa kaina, duk sa'ad da ladan ya ɗaga murya zan ɗauke ƙafata daga kan keke in yi magana da Ubangijina. Ba alwala nake ba, ba gabas nake kallo ba, a zaune inda nake zan rufe ido in yi roƙona cikin sunan Yesu in ci gaba da aikina. Da asuba in miƙa mashi yinin, da magariba in roƙa wa maigida sauka lafiya, sauran kuma duk abin da ya fi ƙona ni a lokacin shi nake faɗa mashi. Ladan ba ya rasa caji, kuma ba na iya kashe shi. Na samu sauƙin da ni kaɗai na san shi, har babbar ɗiyata sai da ta ce Mama yanzu kin rage faɗa.

Baba ma ya shigo ciki ba tare da na gayyace shi ba. Ina ba shi kunu aka yi kira, na ajiye cokali na rufe ido ina roƙo a hankali, ina gamawa na ji tsohon nan ya ce amin, tar da ita, kalmar da tun kwanciyarsa ban ji ya fitar da irinta ba. Tun daga nan tare muke yi, in kira ya same ni a bakin keke sai in taso in zauna gefen katifarsa.

Yanzu ga inda bakina ya ja mani. Yayar mijina, bari in ce mata Anti Saratu, ita ce shugabar zumuntar mata a cocinmu. Dama ta daɗe tana jifana da habaici don ba na samun zuwa taron zumunta sosai, wai wasu sun mayar da keken ɗinki allahnsu. Wani yammaci maigida yana gida na samu na ɗaura zanen zumunta, ankon da muke sawa, na tafi, sai na tarar darasin ranar a kan yadda mace mai yawan hidima za ta samu lokacin addu'a ne. Aka ce mai shaida ta tashi. Ni sakarya, da murnata na miƙe na zayyana masu komai, a zatona zan taimaki wata da ke cikin irin halina. Na gama na zauna. Wata daga baya ta ce to alwalar fa, ita ma ina yi? Aka kwashe da dariya. Sai Anti Saratu ta ce kowa ya sunkuyar da kai a yi wa 'yar'uwarmu addu'a, ta ɗaga murya yadda na waje ma zai ji:

"Ya Ubangiji, ga ɗiyarka da ladan ya zama fastonta. Ƙafarta ɗaya ta riga ta fita, ka riƙe mana ɗayar. Ka tsare 'ya'yan ƙanena daga hannunta, ka tsare tsohon bawanka da ke kwance ba ya iya kare kansa."

Mata suka amsa da amin, har da masu kaɗa kai. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A rayuwata an zage ni, amma ba a taɓa zagina ido a rufe da sunan Allah ba, kuma ba halin in rama tunda addu'a ce ake yi.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari. Wai an ga hijabai rataye a ɗakina. Jama'a tela ce ni a Katsina, kayan wa zan ɗinka in ba hijabi ba? Wai ina da buta da darduma a ɓoye, butar da na ajiye wa kwastomomi a fili a bakin ƙofa. Wai har an raɗa mani sabon suna. Matan da muka yi shekaru muna waƙa sahu ɗaya suka fara aiko yara a karɓar masu atamfofinsu ko yankawa ban yi ba. Wanda ya fi ci mani rai, ɗiyata ta dawo daga koyon waƙar yara tana kuka, an ce mata in mamanta ta musulunta ita wa za ta bi. Ba wai ban san abin da ke tsorata su ba ne, mu 'yan kaɗan ne, kuma kusan kowane gida cikinmu akwai wanda ya bar coci, ni ma ƙanen mahaifiyata Musulmi ne kuma muna zumuncinmu lafiya lau. Amma tsoro ba ya sa a yi wa mutum ƙazafi, ko ɗaya cikinsu ba ta tako ta tambaye ni ba.

Ana cikin haka Anti Saratu ta zo har gida, wai in ba ta zanen zumunta ta ajiye sai an ga inda na dosa. Nan ne haƙurina ya ƙare, na wanke ta tas. Na ce mata lokacin da take samu na azumi da taron addu'a da yawon gidajen mutane, ni ce na ba ta shi, don ni ke wanke kashin ubanta. Na tuna mata in ta zo gaishe shi a bakin ƙofa take tsayawa da gefen mayafi a hanci, ta yi mashi addu'a daga nesa ta kama gabanta, ko kofin ruwa ba ta taɓa kai mashi baki ba. Na ce in har tana tsoron kar in lalata mashi bangaskiya ga shi nan, ta kira mai kurkura, wato adaidaita sahu, yanzu a kai shi gidanta. Nan ta shiga kame-kame, wai gidanta akwai matakala. Na ce to ta tambaye shi da bakinta me muke yi in an kira salla. Baba ya yi ta ƙoƙarin magana, miyau na zuba, yana nuna ni da hannunsa mai lafiya, amma kalma ta ƙi fita. Ta shafa wa idonta toka ta ce na gani ko, har na rikita tsoho. Ta fita ba zanen, don na rantse sai dai ta kwance shi a jikin gawata.

Daga gidana gidan fasto ta wuce, ta haɗa da cewa na zage ta. Aka kira ni gaban dattawan ikilisiya. Shi fasto da muka keɓe ya ce mani shi bai ga zunubi a abin da nake yi ba, amma ya zama abin tuntuɓe ga raunana, in yi haƙuri. Da aka zauna gaban dattawa kau ko rabin wannan bai maimaita ba, tsoron Anti Saratu yake kamar me, don ita ke juya matan cocin. Hukuncin da suka yanke shi ne ranar Lahadi in tashi gaban jama'a in ce na yi kuskure, na tuba, kuma na daina. In na ƙi za a sa ni horo, in koma bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, gurasar da muke ci tare a coci, ba zumunta, kamar wadda aka kama da mijin wata.

Maigidana ya fi kowa sanin gaskiya, sau nawa yana dawowa ya tarar da ni da ubansa muna addu'a. Amma yayarsa ce ta riƙe shi yana yaro, in tana magana ko tari ba ya yi. Abin da ya iya ce mani kawai, in tashi in ba su haƙuri a wuce wurin, in ina son addu'a in jinkirta sai ladan ya gama da ɗan lokaci, wai Allah ba gudu zai yi ba. Na ce mashi Allah ba ya gudu, ni ce ke gudu, shi ya sa nake neman abin da zai tsayar da ni. Ya ja tsaki ya ɗauki makullin mota. Har yau kallonsa nake raina na ɓaci, namijin da ba zai iya buɗe baki ya kare matar da ke jinyar ubansa ba.

Tun zaman dattawan nan na daina. In aka yi kira muryar Anti Saratu kawai nake ji, sai in ƙara taka keke da ƙarfi don ƙararsa ta rufe mani kunne. Jiya na mari ƙaramin ɗana a kan ya zubar da gishiri. Na ma fara lallashin kaina cewa in tashi kawai in faɗi abin da suke so, ko don yarana su huta da gori.

Sai yau da azahar. Ina ba Baba kunu aka ɗaga kira, na yi kamar ban ji ba, na ciko cokali na kai bakinsa. Ya datse baki. Na sake kaiwa ya kau da kai. Sai ya lalubo wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya ya riƙe gam, ya daɗe yana fama da harshensa kafin ya ce:

"Ɗiyata... an kira."

Na ce Baba an hana mu. Bai sake ni ba, ya rufe idonsa yana jira, har kunun ya huce a hannuna. Da kuka na yi addu'ar, ban ma san me na roƙa ba, na dai ji amin ɗinsa.

To 'yan uwa kun ji halin da nake ciki. In na ƙi tashi, horo ya hau kaina, ƙazafin ya tabbata a idon mutane, 'ya'yana su riƙa kallon uwarsu a bencin baya kowace Lahadi. In na tashi na ce na daina, na yi ƙarya a ɗakin Allah don in faranta wa matar da ko gafarta mata ban iya yi ba tukuna. Kar wadda ta ce mani in yi haƙuri kawai, na ƙoshi da wannan kalmar. Ku faɗa mani abin da za ku yi in ku ne. In tashi ko in zauna? In kuma kun ce in tashi in ce na daina, ranar Litinin da azahar in Baba ya kama hannuna me zan ce mashi?