Hular Da Ke Kan Makunni

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ciwon gwiwar nan? Na san ba ki daina aikin wahala ba, kunnen ƙashi gare ki tun muna yara.

Mu dai sai godiyar Allah. An sallamo Baban yara daga asibiti, amma hannun dama can aka bar shi, daga gwiwar hannu suka yanke. Kin ce in rubuto miki yadda abin ya faru, tunda a waya kuka ya hana ni.

A kamfanin robar da yake gyaran wuta, babban makunninsu ba shi da kwaɗo. Al'adarsu ita ce, duk wanda zai shiga gyara sai ya kashe wuta ya rataye hularsa a kan makunnin. Kowa ya ga hula ya san akwai mutum a cikin inji. Ran nan iska ta kaɗo hular. Mai shara, wata baiwar Allah, ta ga hular dattijo a ƙasa, ta kakkaɓe ta, ta ajiye masa a kan benci don girmamawa. Shugaban aiki ya zo bai ga hula ba, ya kunna wuta. Yaya, wa zan zaga? Matar nan ta zo gida tana kuka kamar ranta zai fita, ni na koma ina ba ta haƙuri.

'Yan ƙungiyar ma'aikata sun zo dubiya. Sun ce akwai ƙudirin gyaran dokar kare lafiyar ma'aikata a gaban majalisa. In ya wuce, dole kowane mai gyaran wuta ya kulle makunni da kwaɗonsa, makulli na aljihunsa. Suna so ya je ya yi bayani gaban kwamiti. Ranar ce na fara ganin ya cinye abincinsa.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki, Auta.

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso, Allah ya bar zumunci.

Mun je gaban kwamitin da Baban yara. Ni na naɗe masa hannun rigar na maƙale da fil. Zauren sanyi kamar cikin firji, rabin kujerun babu kowa. Ya yi bayani tiryan-tiryan, har ya ɗaga dungulmin hannun. Wani daga cikin 'yan kwamitin bai ma ɗago daga latsa wayarsa ba. Sai lauyan masu kamfanoni ya tashi ya ce kulle-kullen nan zai jawo tsaikon aiki, kamfanoni su durƙushe, talaka ya rasa abinci. Kin ji mai tausayin talaka! Aka ɗage zama, wai sai an ƙara nazari.

Tun daga ranar ya daina kunna rediyo. Mutumin da ya haɗa wa rabin unguwar nan wuta, jiya na iske shi yana ƙoƙarin fere waya da haƙori. Na juya na fita don kada ya ga idona.

Kamfanin sun aiko cewa, don taimakonmu, za su ɗauki ɗanki babba na wajena a gurbin ubansa, tunda a hannunsa ya koyi aikin. Na ce sai dai bayan raina. Amma Yaya, baki shida ne a gidan nan, kuma ɗinkina ba ya riƙe mu.

Ki sa mu a addu'a.
Auta.

Zuwa ga Yayata,

Ina fatan kun tashi lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, zuciyata ba daɗi.

Ɗanki ya fara aiki. Dokar kuwa shiru kake ji, an ce majalisa ta tafi hutu. Na ce to, in su ba su yi ba ni zan yi. Na shiga kasuwa na zaɓo kwaɗo mai nauyi na ba shi. Da yamma ya dawo mini da shi. Manaja ya ce ba dokar da ta ce a kulle makunni, in ya kulle ya ɓatar da makulli wa zai biya asarar? Ga kwaɗon can na maƙala a ƙofar kicin, yana gadin tukwane.

Da ubansa ya ji, sai ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya ɗauko hular nan, wadda ita kaɗai ta dawo lafiya lau daga kamfanin, ya miƙo mini. Ya ce in ɗinka mata igiya a ciki, yadda yaron zai riƙa ɗaure ta a makunni iska ba za ta kaɗo ta ba.

Na ɗinka, Yaya. Na riɓa zaren, na bi ɗinkin na sake bi, hawaye na hana ni ganin allura. Kullum da safe ina kallon ɗana yana fita da ita a kansa, sai ya dawo nake iya haɗiye ruwa. Gyaran dokar da muka samu ke nan.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.
Ƙanwarki, Auta.