Rantsuwar da Na Yi a Kan Baba

Lamisula, Maiduguri.

Zuwa ga Yaya Muhsinat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani, tare da roƙon Allah ya ƙara muku lafiya ke da angonki Imran, ya sa sanyin ƙasar wajen da kuke bai kayar da ke ba. Mu nan lafiya, irin lafiyar Maiduguri: in an ji ƙara a yi tsit, in ta wuce a ci gaba da cin tuwo. Ƙannenmu kuwa, Halimatu Sadiya ta koma makaranta, Nasidi yana nan yana fama da keke napep.

Na karanta saƙonki, har da turancin da kika manno, ni da na koyi boko a jikin jaridar naɗe kifi. Kin ce kina cike fom na neman tallafin karatu a kwaleji, kuma da yake kin yi aure sun haɗa ki da albashin Imran, suka ce ba ki cancanta ba. Albashin da haya take lamushewa! Saura tallafin waɗanda rikici ya kashe musu iyaye, shi kuma sai da takardar rasuwar Baba.

Yaya, kin fi kowa sanin babu wanda ya ga gawar Baba. Ya tafi Baga sayo bandar kifi, garin ya faɗa hannun mayaƙa, shi ke nan. Umma har yanzu shanya rigunansa take yi, tana cewa yana Chadi cikin 'yan gudun hijira. Wanda duk ya ce "marigayi" a gidan nan ba ya sake shigowa. Wallahi na so in zazzage ki, sai na ga ba ke kika tsara fom ɗin ba.

Na je kotu ban gaya wa Umma ba. Na ɗauki Baba Madu, maƙwabcin rumfar Baba a kasuwar kifi ta Baga Road, ya yi mini shaida. Magatakarda ya tambayi ranar rasuwa, na ce ya zaɓa, ya ce ba a haka, na ba shi ranar da Baba ya bar gida. Na rantse, aka buga hatimi. Na tsaya jiran in ji wani abu a ƙirjina, ban ji komai ba. Na fito na sha kunu.

Abin da ban hango ba shi ne Baba Madu. Shi a wurinsa tunda an rantse mutuwa ta tabbata, kuma ba a barin gidan mutuwa babu gaisuwa. Bayan la'asar sai ga shi da dattawan kasuwa, suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, suka aika ciki a yi wa Umma ta'aziyya. Tankaɗe take yi a lokacin. Ta kira ni ta tambaya ko an ga gawa, na ce a'a. Ta tambaya wa ya faɗa, na ce ni, na gaya mata dalili. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage nin. Ta tambaya ko takardar za ta sa ki yi karatun, na ce ana sa rai. Ta ce to, a kai wa baƙi ruwa. Ta cire 'yan kunnenta, washegari ta shiga takaba.

Ga takardar nan na haɗo miki. Ki cike fom ɗin a natse, kada ki bar gurbi ko ɗaya.

Ki gaida Imran da mutanen gidansu. Halimatu Sadiya da Nasidi suna gaishe ki. Umma ma tana gaishe ki, ta ce in kin bugo waya kada ki ba ta haƙuri a kan takarda, ki yi mata ta'aziyya kamar kowa.

Ƙaninki,
Garzali