Dariyar Gefe Guda

Kai mai karatu, riƙe wannan kafin ka buɗe takardun nan: an kore shi ta zaure, ya dawo ta kunne, ba ya cin tuwo, amma wanda ya kore shi ne ke ciyar da shi. Mene ne? In ka kasa, ba ni gari, ka ci gaba.

Daura, bayan girbin gero, 1974

Zuwa ga mijina Harisu, ragon maza, a Ikko.

Gaisuwa mai yawa daga matarka ta fari, kakarka Haulatu. Kada ka raina rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne. In baƙi ya karkace, ka karkata kai.

Bayan gaisuwa, Sada direba ya ce ya gan ka a dandamali da wando mai share ƙasa, gashi tuli, kana wani kiɗa wai shi sol, kana ihu kamar wanda kunama ta harba, mutane na tafi. Madalla. Amma ni ban manta ba. Ɗantsoho, ƙanin marigayi kakanka, ya taka jitar da na sayar da tunkiyata na saya maka, a gaban 'yan suna, ya ce gidan nan ba a haifi maroƙi ba, ya rantse ba ka sake shiga zauren. Yau shi ke sayar da rediyo da rikoda a hanyar Kongolam. Kiɗan wasu halal, naka haram!

Ga kaset a hannun Sada. Rikodar Ɗantsohon na ara, na ce wa'azi zan ɗauka. Ni da maƙwabtana Kubura da Barakatu muka yi lugude a turmi ɗaya, na ɗora waƙa a kai. Ka sa mata kayan kiɗanka. Kada ka ƙara suna, kada ka rage kalma. Ina so in ga ƙafarka a gidan nan kafin a ɗauke ni, in kuma ga idonsa ya raina fata.

Ka huta lafiya. Taka har kabari,
Haulatu

Ikko, 1975

Zuwa ga amaryata mai haƙori biyu.

Ina gaishe ki da girmamawa, Iya. Kaset ya iso. Mai gangarmu ya yi gumi ya kasa bin taɓare uku, sai na ce a bar turmin naku yadda yake. Na ɗora jita da ƙaho a kai, na rera:

Alhaji mai haƙorin Makka guda,
Dariyarka ta gefe guda,
Ka hana kiɗa a gidanku,
Ka kasa kiɗa a kasuwa.

Faifan ya fito, ana wawarsa. Na buɗe ɗakin ɗaukar murya nawa na kaina, mawaƙa na layi, kowa cewa yake a sa masa turmi. Amma Iya, tukunya ɗaya kuke ci da Ɗantsoho. Ba ki jin tsoro?

Allah ya ja kwana. Mijinki,
Harisu

Daura, tsakiyar damina, 1976

Maigida matsoraci, sannu da aiki.

Tsoron me? Habaici ba ya kiran suna, mai shi ke amsawa. Alhazai masu haƙorin Makka sun cika garin nan tun da arzikin fetur ya zubo. Da ya yi shiru, da ta wuce ta kansa.

Waƙar ta shigo a motocin Mai'adua, masu shayi suka kama. Sai mutumin naka ya naɗa rawani, ya kai ƙara gaban hakimi. Barakatu na bakin katanga, ta kwaso mini duka.

Hakimi ya ce, "Alhaji, an ambaci sunanka?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To yaya aka yi ka san da kai ake?"

"Ranka ya daɗe, duk ƙasar Daura wa ke dariya da gefe guda in ba ni ba?"

Wai wani bafade sai da aka fita da shi, dariya ta shaƙe shi. Yanzu ko jariri ya san sunansa Gefe Guda. Da dare ni na zuba masa miya, na ce, "Ƙanin miji, yi mana 'yar dariya mana." Ya tashi ya bar tuwon. Na cinye.

Sai na ji daga gare ka,
Haulatu

Daura, 12 ga Rajab, 1977

Takarda ta fito daga hannun Alhaji Ɗantsoho zuwa ga Harisu. Sallama irin ta addinin Musulunci.

Bayan haka, ina sanar da kai na je Kano an cire haƙorin. Bai yi magani ba. Yanzu yara tambayata suke ina na kai shi. Duk mai sayen rikoda a kantina sai ya ce a gwada masa da waƙarka, in na ƙi ya tafi wani kanti. Na yi kaffarar rantsuwata, zaure a buɗe yake. Ina neman ka tsayar da faifan, don zumunci.

Haza wassalam.

Ikko, 1977

Iya, gaisuwa da ban girma.

Alhaji ya rubuto, ya janye rantsuwa, yana roƙon in tsayar da faifan. Waƙarki ce, ba tawa ba. In tsayar?

Naki,
Harisu

Daura, ana jibi Sallah

Angona, ina gaisuwa.

Tsayar in ka ga dama, ai ta bar hannunka. Samarin Dutsi da jitocinsu na gwangwani duk a kan lugude suke ɗora waƙa, Sada ya ce har Damagaram haka ake. Jiya jikar Ɗantsoho, Maijidda, na daka tana rera ta, yana alwala a gefe.

Ni ban yafe ba. Na ce masa jita ya taka a gaban mutane, sai ya sayi sabuwa ya tare ka da ita a tasha ranar kasuwa, a hannu, ba a buhu ba. Ya ɗauki butarsa ya fita. Amma na leƙa ɗakinsa, na ga wani abu mai dogon wuya a bayan gado.

Ka taho, ka aske wannan gashin.

Matarka,
Haulatu

Kai kuma mai karatu, na karɓi garinka, ga amsa. Kiɗan Harisu ne. Yana cikin rikodar kantin Ɗantsoho daga safe zuwa magariba, Ɗantsohon ne ke saya masa batir.