Mun Roƙi Inuwa Ana Dusar Ƙanƙara

Goggo Neta, ki taimake ni kafin Kirsimeti, na rasa inda zan sa kaina.

Majami'armu ƙarama ce, a wani ƙauye kudu da birnin Winnipeg a ƙasar Kanada. Tun da fastonmu ya yi ritaya mu muke jagorantar sujada da kanmu. Bana aka ɗora mini nemo addu'o'in Lahadi huɗu na jiran Kirsimeti. Ba wai na iya ba ne. Na tashi dafa kofi a taron kwamiti, kafin in dawo an gama shawara.

Tsofaffinmu sun daɗe suna kewar addu'a da Jamusanci, harshen kakanninmu, na ce bari in faranta musu. Na duba intanet, na sami cikakken tsari na wata ikilisiyar Mennonite, har da waƙoƙi masu murya huɗu irin namu. Na karanta shafin farko, lafiya ƙalau, na buga duka na raba. Ashe na 'yan'uwanmu na Paraguay ne, waɗanda Kirsimetinsu ke faɗowa a tsakiyar bazara.

Lahadi ta biyu na tsaya a gaba na karanta, "Ya Ubangiji, ka kiyaye mu daga zafin iskar arewa." Jama'a suka amsa, "Ka ba mu inuwa." Goggo, ranar sai da aka tono ƙofar majami'a daga dusar ƙanƙara da shebur. Muka gode wa Allah da kankana ta nuna, muka roƙi ruwa saboda gyaɗa. Ko tari ba wanda ya yi. Aka ce amin.

Kin san mutanenmu, ba a gaya maka ka yi kuskure, abinci ake kawo maka. Kafin Laraba teburina ya cika da burodin zwieback. Elvira Doerksen, matar yayana kuma shugabar kwamiti, ta kawo miyar kabeji tukunya guda, ta zauna, ta ce bana dai ana sanyi. Ta sake faɗa. Ta tafi.

Da iyakarta ke nan da tuni na canza takardu. To akwai Baba Isbrand Sawatzky. A Paraguay aka haife shi, a can ya yi noma, a can ya binne matarsa Susana, sannan ɗansa ya ɗauko shi ya kawo nan. Da ƙyar yake zuwa sujada, in ya zo ma bencin baya yake zama, ba ya waƙa. Lahadi ta uku sai ga shi a gaba da kwat ɗinsa, muryarsa ta fi ta kowa. Da aka tashi ya riƙe hannuna, ido jajir, ya ce, "'Yata, wa ya gaya miki? Yanzu haka kankanar Susana ta nuna a bayan gida." Na yi shiru. A wajenmu kuwa shiru amincewa ne. Yanzu ya ɗauka dominsa na yi, kunya ta hana ni barci.

Addu'ar safiyar Kirsimeti ta ce a fita waje a yi sujada a ƙarƙashin bishiya. Na san mutanenmu, in dai a rubuce yake za su fita. In na canza, ina tsoron tsohon nan ya koma bencin baya, ko ya daina zuwa gaba ɗaya. In ban canza ba, ban san inda zan ajiye miya ba. Yaya zan yi?

Mai Dafa Kofi

AMSA

Ƙanwata Mai Dafa Kofi, da farko dai kada kowa ya je ƙarƙashin bishiya. Wannan ba sai kwamiti ya zauna ba.

Elvira tana da gaskiya, ko da yake a tukunya ta kawo ta. Addu'a ba karatun makaranta ba ce. Mutumin da ya sha fama kafin motarsa ta tashi saboda sanyi yana da haƙƙin ya kai wa Allah sanyinsa. Ki mayar mata da tukunyarta, ba a wofi ba, ki faɗi abin da ya faru da bakinki. A cikinku dole wani ya fara magana da baki, kuma ke kika buga takardun. Ki roƙe ta ku zauna tare ku tsara na safiyar Kirsimeti. Ku tambayi majami'un da ke kusa da ku, ba za su rasa na bara ba, kuma sanyinku ɗaya. Baɗi in kin sami tsari, ki karanta har shafin ƙarshe, ki duba a wane gefen duniya aka rubuta shi.

Amma Baba Isbrand ma ikilisiya ne. Shekara nawa yana zaune a bayanku, ba wanda ya tambaye shi yadda Kirsimetinsa take, sai da kuskure ya tambaya. Wannan ya fi roƙon inuwa abin kunya, kuma ba ke kaɗai ya shafa ba.

Ki je gidansa ki gaya masa gaskiya: ba da sani kika yi ba. Kada ki bar shi da godiyar da ba ki ci ba, don ran da ya ji a bakin wani zai fi jin ciwo. Sannan ki ce masa yanzu kuwa da sani kika zo. Ki miƙa masa addu'ar iskar arewa, ki roƙe shi ya tsaya a gaba ranar Kirsimeti ya karanta ta da kansa, domin 'yan'uwan da ke can cikin zafi, da wadda ya bari a can. A bakinki kuskure ce. A bakinsa gaskiya ce, kuma kowa zai iya amsa "ka ba su inuwa" da rigar sanyinsa a jiki.

Ki sayi kankana ɗaya don cin abinci bayan sujada. Na sani, ta Disamba ba ta da daɗi, zai kuma gaya miki haka. Ki ba shi wuƙar, ki bar shi ya yi ta kushe ta yana ba ku labarin ta Susana. Mai kushe kankana a kan teburinku ba baƙo ba ne kuma.

Allah ya ba ku Kirsimeti lafiya, ya sa ku ji muryar Baba daga gaba har baɗi.

Goggo Neta