Yajin Inna da Igiyar Rijiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a maƙabartar Wurno shekara tara ke nan.

Aminci ya tabbata gare ki, ke da maƙwabtanki na gidan gaskiya. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, tare da durƙuso, ina sanar da ke muna nan lafiya. Ko in ce, har zuwa la'asar ɗin wannan Juma'a muna lafiya. Gobe ce ban sani ba, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Na san za ki ce ban bar halina ba, abin da mutane ke faɗa da baki ni sai na nemi takarda. Da ranki ma ba ki karanta boko ba, balle yanzu. To amma shekara ashirin ina rubuta wasiƙu zuwa ofisoshin da ba su amsawa, saboda haka rubuta wa mamaci bai zame mini baƙon abu ba. Ke dai kina da uzuri.

Maganar autanki ce, Sanda. Kin bar shi yana haƙar rijiya, har yau ita yake yi, sai dai yanzu shi ne heluma, da mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. Ni ne akawun aikin, ina kiran sunaye da safe, ina riƙe mabuɗin sito. Tun bayan girbi muke wani ƙauye kan tudu tsakanin Rabah da Goronyo, nesa da gulbi, inda mata ke fita ɗebo ruwa da sassafe su dawo da azahar. Rijiyar ta wuce gaba ashirin, ƙasa ta fara sanyi, ba a kai ga ruwa ba. In ka leƙa, wanda ke ciki kamar ƙwaro ne a gindin tulu.

Igiya ɗaya ce gare mu, Inna. Ita ke saukar da mutum, ita ke fito da bokitin ƙasa, ita ke fito da mutumin in Allah ya yarda. Wannan ce rijiya ta biyar da take haƙawa. Ta yi gashi, ta yi laushi, akwai wuri biyu da Sanda ya ƙulle da hannunsa. Sau uku na rubuta wa ofishinmu na birni a aiko da sabuwa. Sau uku aka amsa cewa ana duba maganar. Ban san mai dubawar ba, amma ko wane ne, mutum ne mai zurfin nazari.

Ran Litinin ta makon jiya tufka ɗaya ta tsinke ana cikin jan bokiti. Bokitin ya karkace, duwatsu suka zuba kan Ɗan Jumma, mutumin Magarya, kafaɗarsa ta karye. A kan igiyar nan dai muka fito da shi, kowa na salati. Kwana biyu bayan haka Baturen aikin, wanda muke kira Mai Lofe, ya zo. Ya ɗaga igiyar da bakin sandarsa, ya ce tana da sauran wata shida. Ya ce Ɗan Jumma ya tafi gida ya warke, amma kwanakin jinya ba kwanakin aiki ba ne, ba a biyansu. Mai Lofe mutum ne mai ilimi. Ya san shekarun igiya kamar yadda Bafillace ya san shekarun saniya, sai dai bai taɓa rataya a jikinta ba.

Da ya tafi muka zauna ƙarƙashin gawo. Ni kuma, da karambanina na mai karanta jarida, na ba su labarin ma'aikatan reluwe da na bakin teku, waɗanda suka haɗa kai suka yi ƙungiya, yuniyan suke ce mata. In an cuce su sai su ajiye aiki gaba ɗaya rana guda, har a saurare su. Bawa Ƙato, mai jan igiya, ya ce, "To mi a sunan abin da Hausa, Malam?"

Nan na tsaya. Kalmar da Turawa ke faɗa, in ka bi asalinta, ma'anarta bugu. Na dubi Bawa da diga a hannu, na ga in na ce bugu, kafin magariba dukanmu muna gidan yari. Na laluba kaina, sai ke kika faɗo mini a rai. Na ce yaji ne. Yajin aiki.

Inna, da kin ji dariya. Bawa ya yafa rawaninsa kamar gyale, ya yi tafiyar rangwaɗa, yana cewa, "Ni na tahi gidanmu, kar wanda ya biyo ni!" Wani ya ce, "Ashe mata munka koma ba mu sani ba." Wani ya ce, "Wa za shi yi muna biko, Mai Lofe da goro?" Maza goma sha ɗaya waɗanda ba su tsoron gaba ashirin a cikin ƙasa, ga su suna tsoron kalma ɗaya. Sanda bai yi dariya ba. Bai san labarin yajinki ba, amma ya ga fuskata.

Sai na tona miki asiri, ki gafarce ni. Na ba su labarin shekarar da gungumen bakin rijiyar gidanmu ya ruɓe. Kin yi wa Baba magana tun damina, yana cewa bari a cire albasa, bari a kai albasa kasuwa, bari a huta da albasa. Rannan kika juya kika tarar da Sanda, yana rarrafe, hannunsa ɗaya kan gungumen, ƙasa na zuba ciki. Ba ki yi ihu ba. Kika ɗauke shi kika goya, kika kama hannuna, muka kama hanyar Dinawa gidan Kaka da rana tsaka.

Na gaya musu ƙa'idodin yaji kamar yadda na ji kina koya wa ƙannenki mata daga baya. Mai yaji ba ta zagi. Mai yaji ba ta kwashe tukwanenta, don tukunya ita ke cewa aure na nan. Kuma na uku, wanda kike faɗa kina nuni da muciya: "Wadda tad dawo ba biko, ta yi yawo na, ba yaji ba." Na ce musu kwana goma sha ɗaya kika yi, har Baba ya zo da kawunsa da goro, da labarin cewa an sa sabon gungume na kirya. Na nuna musu Sanda na ce ga abin da yajin ya tsirar, shi ne yau yake yi muku tsawa.

Bawa ya warware gyalensa ya mayar rawani. Ran Asabar suka jera diga da shebur da bokiti a bakin rijiya, tsaf kamar jeren amarya, suka koma gindin gawo suka zauna. Ba zagi, ba a kwashe tukwane ba. Na rubuta takarda da yawunsu: sabuwar igiya, da biyan kwanakin jinyar Ɗan Jumma. Kowa ya dangwala yatsa. Na ji kaina ya yi girma, har na fara tunanin ko a jarida za a buga sunana.

Yau kwana bakwai, Inna, ba biko.

Abin da ya zo masinja ne, ran Laraba, a kan keke. Ya ce wanda bai sauka rijiya ran Asabar mai zuwa ba ya sallami kansa, za a kawo wasu leburori daga wani wuri. Mai garin ya zo ya roƙe mu don Allah. Matan ƙauyen kuwa wucewa kawai suke yi da tuluna, suna duban maza goma sha biyu zaune a inuwa. Na fi jin wannan kallon a jikina fiye da maganar masinja.

Jiya da hantsi Sanda ya ja ni gefe. Ya ce, "Yaya, labarinka ya yi daɗi. Amma Inna ta san Baba na son ta. Mu wa ka son mu?" Ya ce, "In anka kawo baƙi, ba su san inda igiyag ga taka ciwo ba. Ni na sani. In dole sai wani ya sauka, gara ni." Ya ce jibi da safe, wato gobe ke nan, zai sauka shi kaɗai, sauran su ja.

Kin san shi. Taurin kanki ya gada, ni kuwa na gaji "bari a cire albasa" na Baba. Na roƙe shi da girman Allah, na roƙe shi da 'ya'yansa huɗu, na roƙe shi da ke. Ya ce mini, "Yaya, kai dai rubuta."

Wannan maganar ta zauna mini. Gaskiya ce, ni dai rubutawa nake yi. Ni na kawo kalmar, ni na tsara takardar, amma sunana ba ya cikinta, don akawu ba lebura ba ne. Na tura mutane yaji ni ina zaune ɗakin miji.

Da asubahin yau, ina alwala, sai na tuna abin da na manta ban faɗa musu ba. Ran da muka tafi Dinawa kin bar tukwane, kin bar tabarma, kin bar har zanen salla. Amma abu ɗaya kika ɗora mini a kai: guga da igiyarsa. Na yi ta ƙorafin nauyi a hanya, kika ce, "Ɗauka dai. In na bar ta, wani na jan ruwa bayana." Shekara arba'in ina zaton don ki ƙuntata wa Baba ne, ya sha ruwan maƙwabta. Sai yau na gane ba ki yarda kowa ya tsaya kan gungumen nan ba, ko da shi ne.

Saboda haka na buɗe sito. Na ajiye alƙalamin ofishi da littafin sunaye da mabuɗi kan tebur, tsaf, su ne tukwanena. Na ɗora igiyar kan jakin wani mai albasa da ke zuwa Wurno, na biyo shi a ƙasa, muka iso ana kiran sallar Juma'a. Na bar takarda a ƙofar sito: igiya tana Wurno ɗakin mahaifiyata, mai biko ya zo da sabuwa ya karɓi tsohuwa. Yanzu haka a kanta nake zaune, a ɗakinki, da alƙalamin kara na Baba. Ko a zaune ba ta da daɗi.

Ina jin tsoro, Inna. Dokar Turawa ba ta san yaji ba, sata ta sani, kuma mai zuwa bikona yana iya zama ɗan doka. Wannan da sauƙi, na daɗe ina son wurin da zan yi karatu ba mai damuna. Abin da ke cin raina shi ne Sanda. Ƙauyen nan akwai igiyoyin ɗaure shanu, kuma ɗanki ya iya ƙulli. In ya bi gida gida ya harhaɗa su fa? In na raba shi da igiyar da ya san ciwonta na haɗa shi da wadda bai sani ba fa? Kafin in taso na aika wa Bawa cewa ko Sanda ya sami igiya, kada hannu ɗaya ya ja. Ya aiko da amsa, "Gaya ma Malam mu ba mu dawowa ba biko." Ina riƙe da wannan maganar kamar yadda suke riƙe igiya, ban san ko tufka nawa ta rage mata ba.

Akwai abin da ban taɓa tambayarki ba. A Dinawa kullum kina zama bakin zaure da ƙwaryar wake kina tsinta, fuskarki na duban hanyar Wurno. Kwana goma sha ɗaya, waken nan bai ƙare ba. Da ina zaton wake ne mai yawan tsakuwa. Ashe ke ma ba ki tabbata zai zo ba. Ashe haka ake yinsa, da tsoron da komai.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya warkar da kafaɗar Ɗan Jumma, ya shayar da matan ƙauyen nan ba da ran kowa ba. Yaron da kika ɗauke daga bakin rijiya, Allah ya sake ɗauke shi gobe. Ya sa ƙurar da zan hango a hanya ta mai sabuwar igiya ce.

Na fitar da tabarma bakin zaure. Na sa an kawo mini wake.

Ni ne ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.